Mutumin da Makaɗa Ke Ɓoye wa Ganga

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Surukina, Baba mai gula na Argungu, ya amsa kira wata ranar Laraba da hantsi, yana zaune a zaurensa, wuƙar sassaƙa na gefensa. Ban taɓa kama sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu ba don ƙasa ta rufe masa ido. Baba nake ce masa, Baba zan ci gaba da cewa.

Na je zaman makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Tabarmar malamai daban, ta dangi daban, can kuma gindin dogon yaro ga makaɗa jingim, na Augie, na Gulma, na Zauro, har da waɗanda suka tsallako daga ƙasar Nijar. Kowa ya sunkuyar da kai, ba ka jin komai sai ƙarar carbi. Can sai wani tsohon makaɗin kokawa ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah sarki, duniya. To, yanzu kam sai mu riƙa tahowa Argungu da gangunanmu."

Shi ke nan, ya ɓallo ruwa! Wannan ya cusa hula a baki, wancan ya tashi wai zai kama ruwa, kafaɗunsa na rawa. Liman ya ɗago ya harare su, amma ni da nake kusa na ga gemunsa na motsi. Sarkin Makaɗa kuwa, abokin Baba tun na ƙuruciya, dariya yake yi hawaye na bin kumatunsa, ya kasa tsayar da ko ɗaya.

Yayana da ya zo daga Birnin Kebbi, mutumin allo da tawada, ya matso ya raɗa mini, "Waɗanne irin mutane ne waɗannan da kake surukuta da su? Ana makoki ana dariya?" Na ce masa ya bari sai an watse. Ga amsar nan yanzu, shi da duk wanda bai san Baba ba.

Sana'ar Baba sassaƙa gula, sandar nan mai lanƙwasasshen kai da ake kaɗa ganga da kalangu da ita. Duk ƙasar Kabi babu wanda ya kama ƙafarsa. Amma fa Baba bai iya kiɗa ba. Ba wai bai ƙware ba, a'a, bai iya ba ko kaɗan. Kuma abu guda ya nema a duniya tun yana saurayi har gemu ya yi fari: a rataya masa ganga ranar gayya, ya kaɗa, maza su yi noma da kiɗansa.

Inna, surukata, ita ta ba ni tushen labarin. Ɗan manoman Gulma ne, babu makaɗi ko ɗaya a danginsu. Kiɗa kawai ya shiga ransa, ya bar galma ya bi wani tsohon mai gangar noma, shi da wannan da ya zama Sarkin Makaɗa daga baya. Tsohon ya saurare shi damina guda, sannan ya kira shi ya ce, "Yaro, kunnenka na da kyau, hannunka ma na da kyau, amma ba su gaisawa. Tahi daji ka saro muna icen geza, gularmu ta ƙare."

Baba ya ɗauka aike ne na kwana biyu, kafin hannu ya faɗa. Har ya tsufa in baƙo ya tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Ni makaɗi na. Wagga sassaƙa riƙon ƙwarya ta." Inna kan ce daga bayan zana, "Ƙwaryar kam ta riƙu."

Farkon abin bai zo da sauƙi ba. In ya lanƙwasa icen da zafi ya karye, in ya bar shi ya huce ya miƙe. Inna ta ce shekarar farko ta aurensu ba ta sayi itacen girki ba, da karyayyun gula take tuƙa tuwo. A hankali ya gano hanyarsa. Sai ruwa ya ɗauke yake saran geza, ya binne ta a laka bakin gulbi ta sha sanyi, ya tono ta ya tura a toka mai zafi, ya tanƙwara a gwiwarsa, ya ɗaure da igiyar rama, ya rataye a rufin zaure inda hayaƙin gida ke bi. In ka tambaye shi yaushe za ta nuna sai ya ce, "Ita ka faɗi, ba ni ba." Da 'yan ƙwarori a kan tabarma ya fara a kasuwar Argungu. Lokacin da na auri ɗiyarsa kuwa, dukawa biyu ne ke ɗinka masa fatar mariƙi, matan unguwa na tufka masa igiya, ni kuma ina ɗaukar dami-dami a akori-kurata in kai Birnin Kebbi da Jega, wani lokaci har Sakkwato, a kan buhunan albasa.

To, ga inda gizo ke saƙa. In makaɗi ya zo da kansa, Baba ba ya sakin gula sai an yi abin da yake kira gwaji. Gwajin kuwa shi ne ka sauke gangarka ka miƙa masa ya kaɗa, a tsakiyar kasuwa, mutane na kallo. Wayyo Allah! In ka taɓa jin jaki mai ɗingishi ya hau gadar katako, to ka ji kiɗan Baba. Ya rufe ido, ya karkata kai, yana murmushi, mai ganga kuwa na tsaye kamar ya nutse, don masu wucewa ba su san wa ke kaɗawa ba, gangar kawai suka sani.

Sai makaɗa suka samo dabara. Ranar kasuwa, kafin su sauka daga motata, sai ka ji, "Direba, don Allah rufa muna asiri." Su tura ganguna ƙarƙashin buhuna, su tafi wurin Baba hannu na dukan cinya.

"Ina ganga?" in ji Baba.

"Fata ta yage, Baba."

"Kai kuma hwa?"

"Ɓera yac ci tsarkiya, Baba."

Sai ya girgiza kai ya ce, "Ikon Allah. Fatun ƙasag ga duk ran kasuwar Argungu suka yagewa." Ni kuwa ina can tasha ina gadin ganguna, ina addu'ar kada ya zo wucewa.

Wannan ɓoyon shi ya ɗaukaka sana'arsa, abin da babu wanda ya zata. Tun da babu ganga, sai ya koma gwada mutum. In kun gaisa ba ya sakin hannunka sai ya lalube yatsu da wuyan hannu. Ya sa a kawo fura ya ga yadda kake riƙe ludayi. Ya ja ka da hira har ka yi dariya ka bugi cinya, shi kuwa bugun yake kallo. Sannan ya ja ka gida ya laluba rufin zaure ya zaro guda ya ce, "Wagga ta taka." In ka nuna wata wadda ta fi kyan gani, sai ya ce, "Waccan ta wani ta, bai zo ba tukuna." Makaɗa suka riƙa faɗa wa juna cewa gular Argungu ba ta gajiyar da hannu ko an wuni ana abu guda. Kafin a jima har mutanen da ba su san hanyar garin ba sun fara aiko da saƙo, shi kuwa ya ce a gaya musu su aiko da hannunsu.

Ni ne dai ban da wurin ɓuya. Baba na da wata tsohuwar ganga da Inna ta sha jefawa cikin rumbu yana tonowa. Ya lura cewa suruki ba ya tashi sai an sallame shi, ba ya dariya, ba ya ɗaga ido. Ai kuwa ya samu mai sauraron da ya daɗe yana nema. In na zo gaisuwa na durƙusa, kafin in gama "ina gajiya" ya jawo ganga. Na ciji leɓe har ya yi jini, na ƙirga tururuwan zauren nan kaf. Matata kuwa tana leƙe ta kafar zana, in mun koma gida ta ce, "Maigida, yau wane take aka yi maka?" In ce mata ta kiyaye ni.

Kada wani ya ɗauka abin dariya kawai Baba yake. Akwai wani mai kalangu daga Augie da injin niƙa ya cinye wa yatsu uku na dama. Mutum mai iyali, ba gona, ba jari, kalangun nan ne tukunyarsa. Ya zo kasuwa ba don saye ba, sai don ya yi wa Baba sallama, ya ce ya bar kiɗa. Baba ya kama guntun hannun ya juya shi, ya sake juyawa, bai ce masa sannu ba ma. Cewa ya yi, "Ka zamna gidana har Juma'a." Ya rufe rumfarsa, ya zauna shi da baduku suna gwadawa suna warwarewa, har suka fitar da gula mai madauki na fata da ke zagaye wuyan hannu, mai gurbi daidai babban yatsa. Ranar da mutumin ya kaɗa a tsakar gida, Inna ta bar tuwo ya kama. Da ya zo godiya yana kuka, ya miƙa wa Baba kalangun da kansa ya ce a yi gwaji. Shi kaɗai na taɓa gani ya yi haka da son ransa, ya kuma tsaya har Baba ya gama.

Rigimarsu da Sarkin Makaɗa kuwa a gabana aka yi. Bazara ce, ana shirin damina, Baba ya sake kawo maganar da yake kawowa kowace shekara: a ba shi ganga a gayya guda. Kullum Sarkin Makaɗa kan ce "sai baɗi," a wuce wurin. Ran nan ban san me ya hau kansa ba, ya ɗaga murya kasuwa na ji ya ce, "Haba, aboki! In nib ba ka ganga ran gayya, geron da yat tsiro ma komawa ƙasa za shi yi!"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya naɗe tabarmarsa a hankali, ya tattara kayansa, ya ce, "To, ku kaɗa da yatsa." A gaskiya ran nan na ji tausayinsa har cikin raina.

Daga ranar babu makaɗin da ya ƙara samun gula. Baba ya koma sassaƙa wa mata muciya, sai dai hannu ya riga ya saba, kowace muciya ta fito da ɗan lanƙwasa a kai. Har yau akwai su a gidajen unguwar, mata na cewa sun fi kwashe gefen tukunya. Damina ta kankama, ga gayya, ga kokawa, ga biki. Tsofaffin guloli suka fara karyewa. Aka gwada wasu masassaƙa, nasu ko su fasa fata ko su kumbura wa mutum hannu. Makaɗa suka taru a kan Sarkinsu: kai ka ɓata, kai za ka gyara.

Ni na ɗauko Sarkin Makaɗa daga Birnin Kebbi, inda ya je wani biki. Duk hanya tsaki yake yi. Da muka isa ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, Baba ya amsa bai ɗago ba.

"Na zo," in ji Sarkin Makaɗa.

"Na gani. Muciya kaka so?"

"Kai dai ba ka da kirki tun muna yara. Gayyar Sarkin Noman Gulma, ran Asabar. Layi guda, daga wanga kai zuwa wancan. In ka ƙara bugu guda bisa haka, in ƙwace."

"Gaban mutane?"

"Gaban mutane."

Baba ya ajiye muciya ya leƙa cikin gida ya ce a kawo wa baƙo fura. Sulhun ke nan, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri.

Ranar Asabar Baba ya sa rigarsa ta Idi. Gonar dawa ce babba, samari sun jeru da galma, 'yan mata da ƙoren fura a gindin gawo, labari kuma ya bazu, har masu kamun kifi sun bar jiragensu sun zo kallo. Aka fara da makaɗan gaske, aka yi huɗa mai kyau har rana ta ɗaga. Sannan Sarkin Makaɗa ya cire gangarsa ya rataya wa Baba da hannunsa. Baba ya zaro gula daga aljihu, wata da ban taɓa gani ba, ta yi baƙi don daɗewa a hayaƙi. Daga baya Inna ta ce mini tun kafin a haifi matata ya sassaƙa ta ya ajiye.

Ya buga. Samari suka ɗaga galma, suka sare, sai kiɗan ya tsaya a inda bai kamata ba. Suka tsaya, sai ya ruga. Wannan ya taka wancan, wani ya faɗi zaune a laka. Dariya ta tashi har gindin gawo. Wannan bai dame ni ba, an saba. Abin da ya tsorata ni shi ne da dariyar ta mutu. Samari suka dogara galma suna kallon ƙasa, ba mai motsi. Baba ya buɗe ido ya gan su tsaye. Hannunsa ya fara sanyi, bugun na raguwa, murmushin nan ya tafi. Wallahi na so ƙasa ta tsage, ba don kaina ba. Mutum ya jira abu tun yana saurayi, ga shi ya zo, kuma zai tashi a banza a gaban garin da aka haife shi.

Sai na ji tsawa: "Kada ka tsaya! Ci gaba da kiɗinka!"

Sarkin Makaɗa ne. Ya tuɓe babbar riga ya jefar, ya fizge galma daga hannun wani saurayi. Mutumin da bai taɓa noma ko bayan ɗaki ba, ga tumbi, ga tsufa. Ya shiga layi ya juyo ya ce wa samari, "Ku bar sauraren ganga, ba ta da amana! Kahwaɗatai za ku duba. In ta ɗaga, ku ɗaga. In ta faɗi, ku sare. Ni na san shi, tun muna yara nika gudun wanga kiɗi!"

Ya kafa wa kafaɗar Baba ido, ya sara, galma ta faɗi daidai da gula. Ya sake, ta sake faɗawa daidai. Saurayin da ke kusa da shi ya bi, na gaba ya bi. Ban san lokacin da na tuɓe takalma na karɓi galma ba, ni da rabona da gona tun ina gidanmu. Muka tafi a haka, in Baba ya ruga mu ruga, in ya tsaya kamar wanda ya mance abin da ya zo saye mu tsaya da galma a sama muna jiransa. Can sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka. Baba ya ga ƙasa na tashi da bugunsa, sai ya daina rufe ido. Kallonmu yake, baki buɗe, yana bin mu a baya har muka kai ƙarshen gona.

Sarkin Makaɗa ya zube a nan yana haki, aka yi ta yi masa fifita da hula. Huɗar kuwa, Allah ya kyauta, ta karkace ta shiga ta maƙwabta ta dawo. Sarkin Noma ya tsaya ya dube ta ya ce ai dawa ba ta san miƙaƙƙe ba, a bar ta haka.

Da la'asar na ɗauko Baba zuwa Argungu, yana gidan gaba, gular na kan cinyarsa. Tsakanina da shi magana ba ta taɓa wuce gaisuwa da lissafin dami ba. Muna gangarowa fadama, shinkafa kore shar hagu da dama, sai ya ce, "Direba."

"Na'am, Baba."

"Yaya kaj ji kiɗin?"

Na riƙe sitiyari da kyau. Ƙarya ga suruki ba kyau, gaskiya kuma ta fi muni. Na ce, "Baba, gular ta yi daɗi."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ka iya surukuta, ɗan nan. Kana zaton ban sani ba? Tun ran da tsoho yat tura ni saran geza na san ban iyawa. Kunnena lahiya lau shi ke, ina jin abin da kuka ji. Har gangunan da kaka ɓoyewa ƙarƙashin albasa na sani."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "To Baba, me ya sa ka nace?"

Muka wuce wasu masu shanu. Sannan ya ce, "Duk rayuwata ina sassaƙa abu ina miƙa ma mutane, su tahi su tada gari da shi, ni ban san mi a ciki ba. So nike in ji sau guda. Yau da galmunan ga sunka faɗi tare, ƙasa ta amsa, sai nij ji abin ya biyo gula ya shigo hannuna har haƙori."

Ya buɗe tafin hannunsa na dama ya daɗe yana kallo. Ya miƙo mini shi, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ya ce, "Taɓa ka ji. Har yanzu shina motsi."

Na sassauta mota na taɓa. Hannun tsoho ne mai kanta, yana ɗan rawa, da ɗumi. Wata daminar ba ta zagayo ta same shi ba.

Ya Allah, ga Baba nan ya zo gare ka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka ba Inna da mu haƙurin rashinsa, ka sa in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.